Bishiyar Baba Mai Gyaran Takalmi

Mai girma shugaban taro, masu girma kansiloli, iyayenmu maza da mata, masu sana'ar bakin titi, da dukkan jama'ar da ta cika wannan fili, assalamu alaikum. Ina gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka zo.

A matsayina na sakatariyar ƙungiyar kare muhalli ta unguwarmu, zan fara da tona mana asiri. Shekara huɗu da suka wuce mun dasa bishiyoyi ɗari biyu a tsakiyar babban titi, inda baƙi za su gani su yaba, muka sha hotuna, muka koma gida muna jin mun gyara duniya. Kafin wata biyar duk sun bushe, domin ba mai zama a wurin balle ya ba su ruwa. Wallahi na ji kunya.

A ranar dashen, Baba mai gyaran takalmi da ke kusurwar tashar mota ya roƙe ni guda ɗaya, na hana shi, wai wurinsa ba ya cikin taswirarmu. Sai ya tsinci wata karyayyiya da muka yar, ya ɗaure ta da zaren ɗinki, kullum yana zuba mata ruwan da yake jiƙa fata. Ita kaɗai ta rayu.

Bara majalisa ta kawo shawarar a tashi masu sana'a daga bakin titi da sunan tsabtace gari, a mai da wurin na ajiye motoci. Baba ya same ni ya ce, "'Yata, ashe mu ne dattin? Tun bishiyar nan tana gwiwata nake renonta, yanzu da ta yi inuwa sai a ba mota?"

Maganar nan ta hana ni sukuni, domin zafin rana ba ya raba mana daidai: mai ofis yana da fanka, mai faci da mai shayi kuwa sai zufa. Shi ya sa muka ɗauki Baba muka yi ta zarya a majalisa wata bakwai, har masu gadi suka fara kawo masa takalmansu.

Jiya majalisa ta amince da buƙatarmu. Daga yau za a dasa bishiya a duk inda mutum ke neman abincinsa cikin rana, kuma duk wanda ya rene ta, ba mai tashinsa daga ƙarƙashinta. Baba, ga takardarka ta izinin zama, lamba ɗaya. Gobe ka koma kusurwarka, ka zauna da ƙafarka a miƙe, kuma ka yafe mini.

Allah Ya raya abin da za mu dasa, Ya albarkaci sana'ar kowa, Ya mai da mu gidajenmu lafiya. Na gode.