Minti Goman da Aka Ce Ta Saurara

Ina zaune a tashar jirgin ƙasa ta Blacktown ina shayar da ɗana, wata ɗalibar jinya ta dunƙule takarda tana huci. Kusa da ita wata dattijuwa ce 'yar Samoa, da buhun gwaza a gabanta.

"'Yata, wa ya taɓa ki?"

"Makaranta, Inna! Sun kayar da ni. Wai in sake gwajin ran Juma'a, ko in maimaita shekara."

"Me kika yi?"

"Wani suka kawo ya yi kamar saurayi mai son maza, wai in saurare shi minti goma suna ɗaukar bidiyo. Ni Kirista ce! Yana buɗe baki na ce mu yi addu'a."

"Sun ce ki ce masa daidai ne?"

"Ba su ce ba. Amma in na yi shiru ai kamar na yarda ne. Babana dattijon coci ne. In bidiyon ya kai can fa?"

"Au, ashe coci kike tsoro, ba Allah ba."

"Kar ki faɗa min haka! Ke me kika sani?"

"Me na sani? Naki ma na wasa ne, yarinya! Ni ɗan cikina ne ya tsaya a kicin ya fara gaya min maza yake so. Ko minti ɗaya ban ba shi ba na jawo Littafi Mai Tsarki."

"Ai kin yi daidai."

"Har gobe ban canza abin da na gaskata ba. Amma shekara shida ke nan bai tako gidana ba, ban kuma san ƙarshen maganarsa ba."

Jirgi ya iso. Na ƙara rungume ɗana.