Ranar Faɗin Laifin Shugaba

A tashar Tawa, ana jiran motar Barmu ta cika. Wani dattijo da wata mata suna zaune a kan benci ɗaya.

"Baba, Barmu za ka?" in ji matar.

"Can za ni, wurin ɗiyata. An kori mijinta, Yunusu, daga kamfanin busar da albasa inda nike shugaban ma'aikata."

"Mi ya yi?"

"Baturiyar da ta zuba kuɗinta a kamfanin ta kawo sabon tsari. Duk ƙarshen wata, kowane ma'aikaci zai tashi ya faɗi laifin shugabanshi a gabanshi. In an zo kan Yunusu, sai ya duƙar da kai. Wata ukku ana haka, ta ce ba ta aiki da munafuki."

"Yaya mutum zai faɗi laifin uban matarshi cikin taro? Ba wanda ya fahimtar da ita?"

"Ba ta san cewa surukina ne ba. Ta hana ɗaukar dangi aiki."

"To, wa ya ɗauke shi?"

Dattijon ya gyara hularshi. "Ni."

"Da ta kore shi, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Mi ka ce?"

"Yunusu ba ya jin Faransanci, ɗiyata. Ni na fassara mishi korar."