Mai Ninke Laima

A tashar jirgin ƙasa ta Entroncamento, Abílio ya hangi wani tsoho da hular sojan laima, sai ya matsa kusa da shi.

"Baba, ɗana Telmo ma yana rundunarku. Amma na gode Allah, ba ya dirowa daga jirgin sama, aikin ninke laimar da ake dirowa da ita aka ba shi."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Aikina ke nan a yaƙin Angola! Ai mai ninkewa sai ya diro da wadda ya ninke kafin a yarda da hannunsa."

Abílio ya dafe ƙirji. "Yaron da ko rigarsa bai taɓa ninkewa ba?"

"Ni ma da haka nake, ɗana. Dira ɗaya ta gyara ni. Har yau in wanki ya bushe, ni matata ke turo wa kwandon."