Duhun Ƙofar Gidan Alhaji Siddo

Da sunan Allah wanda ya ba mu aron rai, kuma yake karɓar abinsa ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma wakilin Perfe, shugaban hukumar yankinmu, wanda ya baro aikin ƙasa ya zauna kan tabarma tare da mu, wakilin sarki, Malam liman, mai unguwa, shugabannin kasuwar Gaya, masuntan da suka taso daga Tunuga, Hajiya Hajo, mai ɗakin marigayi, Isa da ƙannensa, jama'a maza da mata, salamu alaikum. Ni ne Ɗanladi dillalin albasa. An ce in yi magana da yawun unguwa a wannan sadakar arba'in, wai don tun da aka rufe gadar kan iyaka ba ni da sauran haja sai baki.

Ban manta da wakilin kamfanin wuta ba. Ware shi na yi don in yaba masa shi kaɗai. Na ci kasuwa daga Malanbil har Kamba, ban ga gwanayen ciniki irinku ba. Mu in mun ga mai saye ya matsu, mukan ɗan ƙara, muna rantsuwa, muna kau da ido. Ku kuwa kun samo akwatin da ke yi muku wannan aiki a bangon kowane gida, ba rantsuwa, ba kunya. Da hantsi, maza suna kasuwa, mata suna fadamar shinkafa, gida ba kowa sai kaji, wuta ta yi arha kamar kyauta. Da yamma kowa ya dawo, yara na son haske, tsofaffi na son fanka, sai farashi ya miƙe tsaye. Kun yi mana bayani, kuma ba ƙarya kuka yi ba: da rana faifanku na sola na shan rana, da yamma sai batir da man gurup, injin nan mai ba da wuta. Turakun wutar gari ba su iso wannan unguwa ba, ku kuka iso, mun gode. Kajinmu ma sun ce a miƙa godiyarsu.

To, abin da ya tsayar da ni a gabanku shi ne ƙwayayen fitilar da kuke gani jere a ƙofar gidan nan. Tun ranar jana'iza suke ci kowace magariba. Na san dalili. Ƴaƴan marigayi sun ji ana ce wa mahaifinsu marowaci, suna son wanke sunansa. Ina roƙon su saurare ni kafin su ci gaba da wankin.

Alhaji Siddo ya kasance ɗan kasuwar shinkafa, mai injin casa biyu da rumbun da ba a ganin ƙasansa. Ya kasance mutumin da in ka je rance yakan fara tambayar lafiyar tsohuwarka, har ka manta kunyar da ka zo da ita. Ya kasance kuma, wannan kowa ya shaida, mutum na farko a unguwar nan da ya zauna cikin duhu da gangan, aljihunsa cike.

Ga yadda aka yi. Bibata, matar marigayi Amadu mai gyaran kekuna, da firigo ɗaya, na'urar sanyaya kaya, take riƙe da marayunta. Tana sayar da ƙanƙara, masunta kuma suna kawo mata ajiyar kifi. Wata rana dangin mijinta suka zo daga Karakara gaisuwa, suka kwana biyu. Bibata ta san farashin yamma sarai, ba wanda ya fi ta sani. Amma yaya za ta kashe fanka a kan surukai? Yaya za ta bar su su ci tuwo a duhu, su koma ƙauye su ce gidan ɗansu ya mutu? Ta kunna komai. Wutar da ta saya ta ƙare ƙaf, firigo ya tsaya, kifin mutane ya lalace. Masunta ba su yi mata faɗa ba. Sun daina zuwa ne kawai, wanda ya fi faɗa zafi.

Mu mutanen kasuwa muka ce ai sai a koya wa mata lissafi. Alhaji ya ce ba lissafi ne ya ɓace mana ba. Ya ce a garin nan mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da a wuce ƙofarsa a gan ta duhu, kuma muddin manyan gidaje na haske da magariba, ƙananan za su ƙone kansu don kada a raina su.

Washegari da la'asar sakaliya ya tashi da kansa ya kashe komai na gidansa. Ya sa aka fitar da tabarmi ƙofar gida, aka hura gawayin shayi, ya zauna da mafici a hannu. Haka ya yi kullum har ciwon ajali ya kwantar da shi. Baƙinsa na Dosso da Yamai, masu zuwa da manyan motoci, a nan ya karɓe su. Akwai wani babban mai sayen shinkafa da ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tambaya cikin ladabi ko wuta ce ta lalace. Alhaji ya ce:

"Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Yanzu ne take da tsada, ni kuma ban saba saye ranar tsada ba. Kai ma ai ka jira kaka kafin ka zo."

Mutumin ya yi dariya har ya zubar da shayi, maganar kuma ta zaga gari kafin motarsa ta fita.

Daga nan abu ya sauya, a hankali, ba da shela ba. Baƙo ya shigo gidan talaka da magariba ya tarar da duhu, sai mai gida ya nuna da haɓa ya ce ko gidan Alhaji Siddo ma a kashe take. Shi ke nan, magana ta mutu. Wa zai ce mai injin casa biyu ya rasa na wuta? Ya ara mana duhunsa muka rufa da shi, kamar yadda ake aron babbar riga ranar suna.

Bai tsaya nan ba. Arhar da rana take, masu gida kuma ba sa nan da rana, shi kuwa namiji ba ya shiga gidajen mutane. Sai Hajiya Hajo ta ɗauki wannan. Mata masu tafiya fadama suka riƙa bar mata makullansu, ta rataye su a ƙusa bayan ƙyaurenta. Rana ta ɗaga, ita da tsofaffin unguwa su bi gida gida suna kunna firigo, suna sa wayoyi a caji. Kafin la'asar su sake bi su kashe, su lulluɓe firigo da buhunan da Alhaji ya ba da, ƙanƙara ta kai har safe ba ta narke ba. Guga ta koma ta hantsi. Niƙa ya koma na azahar. Shi kansa ya mayar da casarsa tsakar rana, ma'aikatansa suna gunaguni don zafi, ya ƙara musu hutu da ruwan sanyi. Ya hau babur ya je Tunuga ya zauna da masunta, bai roƙe su ba, ya ce dai shi kifinsa daga yau a firigon Bibata zai saya. Ga su nan zaune, sun san ranar da suka koma.

A wannan zamani da gada ke rufe, kaya na tsallakawa a kwalekwale, kowa na auna maganarsa kafin ya auna hatsinsa, Alhaji bai kai ƙarar kowa ba, bai tara jama'a ƙofar ofishin kowa ba. Mai girma wakilin Perfe zai shaida bai taɓa ganin takardarsa ba. Hannu kawai ya miƙa ya danna makunni.

Ladan da ya samu a bakin mutane kun san shi. Matasa a bakin tasha suka sa masa Alhaji Kashe-wuta. Aka ce duk dukiyar nan, jikokinsa da tocila suke neman takalmi. Ya ji, don a Gaya ba a ɓoye wa mutum sunansa. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa. Ya ce yana damunsa mana, shi ma ɗan Adam ne, amma in ba a zagi mai shi ba to marar shi za a zaga, kuma shi bayansa ya fi faɗi.

Hajiya, ke kika zauna da shi cikin wannan duhu, ke kika sha zafin da sauro, ke mata suka yi wa habaici a gidan biki. Ba mu da abin biyanki. Makullan nan da ke bayan ƙyaurenki sun fi duk abin da zan faɗa.

Isa, ɗana, da kai nake yanzu. Ka taso daga Yamai ka tarar ana kiran tsohonka da sunan da bai dace da shi ba, zuciyarka ta yi zafi. Ɗan halak ke nan, ba wanda ya ga laifinka. Kuɗinka ne, gidanku ne, in ka so ka kunna har kan katanga. Amma ka leƙa layin nan bayan sallar magariba. Gidaje sun fara kunnawa ɗaya bayan ɗaya, ba don sun samu ba, sai don inuwar da suke fakewa ce ta tafi. Shekaranjiya na ga haske a zauren da na san ba a ɗora tukunya ba ranar. Masu cewa marowaci ba su ne suka cika tabarmin nan ba. Dubi waɗanda suka zo.

Muna godiya ga hukuma, da malamai, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suka kwana kan tukwane. Allah ya jiƙan Alhaji Siddo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a saye. Allah ya ba Hajiya da ƴaƴa haƙuri, ya rufa asirin unguwar nan kamar yadda Alhaji ya rufa mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani. Amin.

Rana ta yi ja, Malam liman na duban sama, zan zauna. Isa, abu ɗaya ne ban san amsarsa ba: gobe da magariba, in surukan Bibata suka yi sallama suka tarar da duhu, ƙofar wa za ta nuna musu?