Fuskar da ke Jikin Bangon Ɗakina

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwana a zumuntar mata. Ni ce Rifkatu, matar marigayi Malam Yohanna. Kun daɗe ba ku gan ni a sujada ba, kuna ta aiko mini da gaisuwa gidana a unguwar Gyadi-Gyadi, ni kuma ina cewa ƙafa ce ke damuna. Ba ƙafa ba ce. Yau zan faɗi gaskiya.

Kwana biyu kafin maigidana ya rasu a asibiti, ya riƙe hannuna ya ce kada a wahalar da gawarsa a hanya, a binne shi nan Kano inda ya yi aikin koyarwa duk rayuwarsa. Ni kaɗai na ji. Kun san al'adarmu, gawa gida take komawa. Da yayansa ya iso daga kudancin Kaduna ya tarar na tsaya a kan maganar, bai yi faɗa ba. Bayan jana'iza ya ce mini, "Matar ƙanena, kin raba shi da iyayensa. Ba zai kwanta ba."

Wannan magana ta shiga ɗaki tare da ni.

Takardar tsarin jana'izar tana da hotonsa a gaba, sanye da baƙar kwat. Kowace safiya nakan zauna bakin taga in zuba mata ido, ban san tsawon lokacin da nake ɗauka ba. Wata safiya na ɗaga kai, sai ga shi a jikin bango. Kansa da kafaɗunsa, cikin fararen kaya, fuskar ta yi fari kamar babu jini. Na juya ido wajen ƙofa, ya bi ni can. Daga baya ya dushe a hankali.

Washegari ya dawo. Rana ta uku ma haka.

Na ce a raina ya zo tuhumata ne, ko kuwa tafiya da ni. Na rufe shagon ɗinkina na Tarauni. Abinci ya daina shiga. Ban gaya wa fasto ba, don kada a ce matar dattijon ikkilisiya tana ganin fatalwa. Ban gaya wa 'yata Talatu ba, don kada ta ce uwarta ta taɓu. Ɗakin nan ina tsoronsa, kuma ba na iya fita daga cikinsa. Wata bakwai.

Allah ya aiko taimako ta hannun maƙwabciyata, Hajiya Binta, nas ce a sashen ido na asibiti. Ta shigo da kunu ta same ni ina kallon bango. Ta matsa mini har na faɗa.

Ta karɓi takardar ta duba. Sai ta fita tsakar gida ta ɗauko jar butar roba ta ajiye a hasken taga.

"Maman Talatu, kalli butar nan. Kada ki ƙifta sai na ce."

Na kalla har idona ya kawo ruwa.

"To, dubi bango."

Ga buta a jikin bango, koriya-koriya.

"Ita ma ta rasu ne?" in ji Hajiya. "Ko ita ma ba a kai ta garinsu ba? Ido ne kawai, baiwar Allah. In ya gaji da kallon abu ɗaya, sai ya ɗauki inuwarsa ya juya launin. Baƙi ya koma fari. Sha kununki."

Za ku ɗauka na yi murna. Ban yi ba. Da ta fita na yi kukan da ban yi a makabarta ba, domin na gane abin da na ɓoye wa kaina. Ina tsoron fuskar, amma ni nake kiran ta kowace safiya. Gara ya zo da fushi da a ce ba ya zuwa sam. Sanin gaskiyar ido bai kwance ni ba. Washegari na sake ɗaukar takardar.

Tana hannuna na durƙusa. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na yi abin da ya roƙe ni. In na yi kuskure, ka gafarta. Yana wurinka, ba a bangona ba. Ka karɓe shi daga hannuna, ni na kasa saki."

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Yunwa na ji. Na tashi na ɗora ruwa a wuta, na sa takardar cikin Littafi Mai Tsarki na Yohanna, na rufe.

Makon jiya na buɗe shago. Na kira yayansa na gaishe shi. Bai sauya ra'ayi ba, ni kuma muryata ba ta yi rawa ba. Kewar Yohanna tana nan, ba zan yi muku ƙarya ba.

Na gode wa Ubangiji da ya fitar da ni. Na gode masa don Hajiya da butarta. 'Yar'uwa, in akwai abin da kike kallo ke kaɗai a ɗaki, kada ki kai wata bakwai kamar ni. Ki faɗa wa mutum, ki miƙa wa Yesu, zai karɓa. Bangon ɗakina yanzu bango ne kawai. Amin.