Motar Baba Ba Ta Mutu Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sani ne daga Dagmanet.

Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana tsohuwar motarsa kat-kat da yake ɗauko lemo da ita daga Timia. Bayan sadakar arba'in na murɗa makulli, ta yi "kak", ta yi shiru. Na sa sabon batir, na canza dimarer mai tayar da inji, duk a banza. Maƙwabta suka ce ta bi mai ita. Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Ku sayar, ganinta yana karya mini zuciya."

Wani makanisiyan, mai gyaran mota, ya saye ta don ya wargaza. Da ya duba, sai ya ga mas ne babu, wato wayar da ta haɗa batir da ƙarfen jikin motar ta yi tsatsa a gindi. Ya kankare wurin, ya ɗaure, nan take ta tashi. Sai na tuna yadda Baba ke sunkuyawa da 'yar wuƙarsa yana karce wurin nan, mu kuwa muna cewa rigimar tsufa ce.

Yanzu kowace safiya ta ƙofar gidanmu take wucewa, kuma Inna ta san kukanta. Jiya da motar ta wuce, na tarar ta hura gawayi, ta ɗauko finjalin shayin Baba, sannan ta tuna ba shi ne ya dawo ba.

Masu tsofaffin motoci, ku fara duba mas. Ni kuma ku ba ni shawara: in roƙi mutumin ya canza hanya, ko in bar Inna ta riƙa ji?