Ranar da Na Ƙi Shaidar Zur a Gaban Shef

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Rahila. Waɗansunku sun san ni a magaza, wato ɗakin ajiyar taki da iri, ta wani kamfani a Mayahi, inda na yi aiki.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, mutum ne mai zaƙin baki. "Ɗiyata" yake ce mini, amma a ranar zai zage ni gaban manoma har in rasa inda zan sa kaina. Yakan kira mu biro, wato ofishinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa abin da ɗan'uwansa ya faɗa a kansa. Muka koma ko tuwo ba ma ci tare. Tsoronsa ya fi tsoron Allah a zuciyata!

Akwai Malam Isufu, direbanmu, dattijo Musulmi mai iyali da yawa. Wata rana ya dawo daga Korgom a gajiye, shef ya ce ya kwashi takin shanu ya kai masa gona. Isufu ya ce a bar shi ya huta. Laifinsa ke nan.

Shef ya kira ni, ya ce a taron ma'aikata in ce na ga Isufu yana zuƙe isansi, wato man fetur, daga mota. "Ke Kirista ce, kowa ya san ba ki ƙarya. Ke za a yarda da ke." In na ƙi, in ajiye makullin magaza in bar aiki.

Kun ji? Sunan Ubangijina yake so ya ara ya yanka bawan Allah da shi!

Na shiga magaza, na durƙusa tsakanin buhuna. Na ce Yesu, 'ya'yana da wannan aiki suke ci, kuma ni matsoraciya ce, ka riƙe mini bakina. Ban ji wata murya ba. Na dai tashi na nufi wurin taron.

A taron shef ya nuna ni yana murmushi. Na ce, "Shef, ban ga komai ba. Kai ka ce in faɗa, kuma ba ni faɗi."

Ya kore ni a ranar. Isufu kuwa bai iya taɓa shi ba, don kowa ya ji.

Yanzu ƙosai nake toyawa a bakin tasha a nan Tasawa, hayaƙi na cin idona. Kada wanda ya ji tausayina. Na gode wa Yesu da ya cire mini tsoron mutum. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa: shef yana iya karɓe makulli, amma ba shi ke ba da numfashi ba. Amin.